Yadda Farfesa Saude Ta Ci Gwiwar Zalɓe da Yaƙi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa jijiyoyi a jikin ɗan Adam kamar yadda ya shimfiɗa koguna a bayan ƙasa, sannan ya bar wa malamai wahalar haddace sunayensu. Bayan haka, wannan tarihin gwarzuwar zamaninta ne, fitilar kwalejin likitanci, garkuwar sashen ilimin ƙwaƙwalwa, dodon 'yan aji biyu, Farfesa Saude 'yar Mamman Dispensa, wanda ya yi wa gunduma guda allura da sirinji ɗaya, waɗanda suka rayu kuma suka yi masa kyakkyawar shaida. Shi kuwa ɗan Buwai Maɗori, wanda bai taɓa ɗora ƙafa ta ƙi kamawa ba, sai dai ta kama tana kallon wani wajen. Shi kuma ɗan Tanko Wanzami, wanda ya rayu ya mutu a kan aƙidar babu cutar da ƙaho ba ya tsotsewa. Ta wajen uwa kuwa jikar Iya Dela unguwarzoma ce, wadda rabin garin suka faɗo a hannunta, sauran rabin suka faɗo a tabarma saboda ta tsaya gaisawa a hanya. Zuriya ce da ba ta taɓa jin shakkar jikin wani ba.

Kowane barde da makaminsa. Na Farfesa Saude wata 'yar guduma ce mai kan roba, tsawonta bai wuce na ludayin miya ba, wadda ta sayo tun tana ƙuruciya a wata ƙasar sanyi inda ta yi karatu. Kubenta jakar hannu ce, inda take kwana tare da carbi da maganin hawan jini da ɓarin goro. Ɗalibai sun yi mata kirari a bayan ido: ƙaramar guduma mai sa manya shuri, ba ki da baki kin fi mai baki tonon asiri.

Da wannan gudumar take buɗe wa 'yan aji biyu ƙofar ilimin jijiyoyi duk shekara. Sai ta sa ɗalibi ya hau tebur ya saki ƙafa tana reto, ta ɗan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, ƙafar ta yi tsalle ita kaɗai, aji ya fashe da dariya, ita kuma ta kama su tun bakinsu yana buɗe ta zuba musu karatu. Takan ce bugun nan ya ja tsokar cinya, tsoka ta tura manzo ta jijiya zuwa laka, wato igiyar nan da ke kwance cikin ƙashin baya, laka kuma ba ta tsaya neman izini ba, nan take ta juyo da wani manzon ta wata jijiyar da umarnin a harba. Laka mai unguwa ce, in ji ta, ƙwaƙwalwa kuwa fada. Ƙaramar shari'a irin wannan a ƙofar mai unguwa ake yanke ta, sai an gama fada take jin labari. Daga nan sai ta ɗaga gudumar sama kamar tuta, ta yi kirarin da kowane likitan da ya bi ta hannunta yake iya maimaitawa ko cikin barci: "Gwiwa ba ta shawara da kowa."

Ta yi yaƙe-yaƙe kafin wanda za a ba da labari. Ta yaƙi kalmar jijiya, wadda Bahaushe ya ɗora wa kaya huɗu shi kaɗai, da mai ɗaukar jini zuwa, da mai dawo da shi, da mai ɗaure tsoka da ƙashi, da mai kai saƙo, duk jijiya, kamar gidan da aka raɗa wa 'ya'ya huɗu suna ɗaya don rago ya yi tsada. Ta yaƙi zuciya, wadda aka ba sarautar tunani alhali famfo ce kawai. Duk ɗalibin da ya kuskura ya ce zuciyarsa ta ba shi amsa, sai ta ce ya koma ya tambayi ƙodarsa ko za ta fi sani. Ta yaƙi kunya ma. Takan ce masu iya magana sun yi ta yabon kunya ne don ba su taɓa buɗe ƙoƙon kai sun duba ba, ita ta duba, ba ta ga komai ba sai tsoron mutane da aka yi wa lalle. A duk waɗannan gwagwarmayoyi ba ta ci gari ko ɗaya ba. Jijiya tana nan da kayanta huɗu, zuciya tana kan gadonta. Amma an shaida ta yi ƙura.

Sai zamani ya juya, shekarun ritaya suka cim mata. Aka yi mata walima da lemo mai ɗumi, aka ba ta agogon bango, sannan aka riƙe ta da kwantiragi, ana zare mata darussa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake zare wa tsohuwa tsintsiya a hannu ana cewa ki zauna, Iya. Har ya zamana daga dukan daular da ta mallaka babu abin da ya rage mata sai lardi guda, darasin guduma. Shi ne dalilin da take ɗaura ɗankwali mai sitaci. In aka karɓe shi, abin da ya rage mata a duniya shi ne zaman tsakar gida da sauraron Alhaji Barau, maigidanta, yana gyara wa rediyo labarai.

A wannan shekara aka naɗa sabon shugaban sashe, Dokta Nafi'u, ma'abucin majigi, mai imani da cewa duk abin da malami zai faɗa akwai bidiyon da ya riga shi faɗa da launi. Tsohon ɗalibinta ne. Ya zo ofishinta ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, domin a ƙasar nan in za a yanka babba sai an fara gaishe shi da kyau.

"Mama, gani muka yi an wahala da yawa. Akwai wani bidiyo da muka samo, yana nuna saƙon yana tafiya cikin jijiya kamar wuta. A huta hakanan."

Farfesa ta dube shi ta saman tabarau. "Nafi'u, ranar da ka suma a ɗakin gawa, bidiyo ne ya yayyafa maka ruwa?"

"Ke ce, Mama."

"To ka zo ranar Laraba ka zauna a baya. In gudumata ba ta yi abin da majiginka ba zai iya ba, ka karɓi darasin, in haɗa maka da agogon bangon."

A kan haka aka ƙulla alkawari, kowa ya koma sansaninsa.

To, a nan dole mai tarihi ya ɗan leƙa cikin gida, don ba a fahimtar faɗuwar birni sai an san ƙofar da aka manta ba a rufe ba. Farfesa tana da 'yar auta, Rumasa'u. Rumasa'u kuma tana da wanda take so, wani Ukashatu, wanda ya yi aikin jinya shekaru kafin ya dawo karatun likita, saboda haka ya girmi 'yan ajinsa, ya kuma fi su tsawo nesa ba kusa ba, har suka sa masa Zalɓe. Ɗan gidan tarbiyya ne irin ta da, gidan da ko kaza ba ta wuce babba ba ta rusuna ba. Magabatansa, su Baffa, sun riga sun kawo goron neman izini. Alhaji Barau ya karɓe su da fara'a ya ce sai ya yi shawara, abin da duk garin ya san fassararsa ita ce sai ya tambayi Saude. Saude kuwa ta ce babu maganar aure sai yaro ya gama karatu, karatun da ko rabinsa bai kai ba. Rumasa'u ta yi kuka, ta daina sa gishiri daidai a miya, Farfesa ba ta girgiza ba.

Sai dai tun daga ranar goron nan wani abu ya sami wuyan Farfesa. In ta shiga aji ba ta iya juyawa ɓangaren hagu, inda Zalɓe yake zama. In tana kiran suna ta iso nasa sai tari ya kama ta. Ita da ta ce ta buɗe ƙoƙon kai ba ta ga kunya ba, ta bincika alamomin nan da idon masana, ta yanke hukuncin cewa sanyin fanka ne.

Ranar Laraba rana ta fito da zafinta kamar ita ma an gayyace ta. Zauren lacca ya cika ya batse, sahu bisa sahu na mayaƙa masu fararen riguna, waɗanda suka karya kumallo da waɗanda suka karya da fatan alheri, ga fankoki a sama suna tsaye cik ban da guda ɗaya da ke juyawa a hankali kamar mai jan carbi. Can a bencin ƙarshe Dokta Nafi'u ya kafa tutarsa, majigi a gefensa cikin jaka kamar damisa a keji. Sai ga Farfesa ta shigo, tafiyar giwa mai ciwon gwiwa, ɗankwali ya tsaya kamar kwalkwali, mayafi ya zagaye kafaɗa kamar sulke, alli a dama, jaka a hagu, aka miƙe mata gaba ɗaya, benci ya yi ƙara irin ta tambari.

Ta zana laka a allo. Ta zana manzo mai zuwa da manzo mai dawowa. Ta yi bayanin mai unguwa da fada da muryar da ta saba kaiwa bango ta dawo. Sannan ta zuge jaka, ta zaro gudumar a hankali, ta ɗaga.

"Gwiwa ba ta shawara da kowa. Wa zai ba da tasa?"

Kafin hannu ya tashi, sai murya ta taso daga baya. "Ranki ya daɗe, bari ni in zaɓa, kada a ce an haɗa baki." Dokta Nafi'u ya miƙe ya bi sahu da ido, yana neman ƙafar da ko na bayan aji zai gani, ya kuwa same ta a ɓangaren hagu, ta miƙe har ƙarƙashin bencin gaba. "Kai, dogon nan. Fito."

Zauren ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an ga mutum zai taka abin da kare ya bari. Duk ajin sun san zancen goro. Wanda bai sani ba shi ne Dokta Nafi'u kaɗai, mutumin da ya san abin da ake ciki a jami'o'in duniya ban da abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Farfesa kuwa ta ga ƙofofi biyu, kowace da rami a bayanta. In ta ce a canza, sai ta faɗi dalili a gaban yaran da ta shekara tana gaya wa kunya tatsuniya ce. In ta yi shiru, ga abin da ke tahowa. Ta yi shiru.

Zalɓe ya taho kamar wanda ake kai wa mahauta. Da ya iso gaban tebur sai ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe, kamar mai shiga zauren surukai, wanda kuwa a lissafinsa nan ɗin ne. Ya fara naɗe tsawonsa zai tsuguna.

Farfesa ta kafa ido a kan taga, ta yi wa iska magana. "A hau tebur."

"Ranki ya daɗe, nan ƙasa ma ya isa."

"A hau."

Ya hau. Sai duniya ta kife, yaro a sama, uwar yarinya a ƙasa, domin ba a isa ga gwiwa sai an sunkuya, ita kuma da ta sunkuya bayanta ya yi gardama, dole ta tsuguna. Wani daga tsakiyar aji ya ja salati a hankali. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin suruka ta tsuguna a gaban mai neman 'yarta ba, kuma ga tafin ƙafarsa tsirara yana fuskantar ta, abin da a gidansu Zalɓe ya isa a tara dangi a kansa.

"A saki ƙafa."

"An saki, ranki ya daɗe."

Ta lalubi gurbin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, fuskarta na kallon gabas, hannunta na aiki a yamma. Ta kai hari na farko. Gudumar da ta sa 'ya'yan attajirai shuri, ta sa 'ya'yan malamai shuri, ta taɓa sa wani baƙon farfesa zubar da shayinsa, ta sauka daidai inda ta saba sauka. Ƙafar ba ta ko yi ƙyaf ba.

Ta sake. Shiru. Ta koma gwiwar hagu, ta kai farmaki ta bayan gari. Shiru. Ta ɗan taɓa cinyar da bakin guduma, ta ji ta kamar taɓarya. Gumi yana tsattsafowa daga goshin Zalɓe yana ɗiga a farar rigarsa, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, da na kakanninsa, ya tura shi cikin ƙafa ɗaya, domin ya gwammace tsokar ta tsinke da a ce ya shuri uwar Rumasa'u.

Farfesa ta san abin da ke faruwa sarai, kuma sanin ne ya fi ciwo. Akwai wata magana da littattafai suke faɗa, ita ma takan faɗe ta a gurguje in an kusa tashi: cewa fada tana iya aiko wa mai unguwa da saƙo tun kafin shari'a ta zo, ta ce kada ka kuskura. Gwiwa tana shawara. Shekara da shekaru Farfesa tana danne wannan gaskiyar don tana ɓata mata kirari, yau ga ta ta fito a bainar jama'a da ƙafa mai lamba arba'in da biyar.

Amma tsohon barde ba ya rasa kibiyar ajiya. Akwai dabarar da likitoci suka gada don irin wannan gwiwa mai taurin kai, a ba ƙwaƙwalwa wani aiki ta shagala, a zagaya ta baya.

"A sarƙe yatsun hannu biyu. A ja da ƙarfi. A ciji haƙori. A kalli fanka."

Ya sarƙe, ya ja har kafaɗunsa suna rawa, ya ciji haƙori, ya ɗaga fuska sama. Amma ƙwayar idonsa ta zame ƙasa tana gadin ƙafar. Guduma ta sauka. Shiru.

"A karanto jijiyoyin kai goma sha biyu, daga ƙarshe zuwa farko."

Ya karanto su tas, babu tuntuɓe, da muryar mai karanta wasiyya, ƙafar kuwa tana nan kamar an dasa ta. Guduma ta sauka a ta tara, ta sauka a ta huɗu. Shiru. Wannan ƙwaƙwalwa ce da aka horar tun yaye ta yi abu biyu a lokaci guda, ta yi aikin gabanta, ta kuma lura da inda babba yake.

Daga bayan zaure aka ji wani ɗan sauti, ziiit. Dokta Nafi'u ne ya zuge jakar majigi. Yaron kirki ne, sai ya fara warware wayar majigin a hankali, yana naɗe ta a hannu da tausayi. Wata ɗaliba a sahun gaba ta sunkuyar da kai don kada ta ga faɗuwar daula. Gwiwoyin Farfesa na kanta kuma, waɗanda ba a shawarce su ba kafin a tsuguna, suka fara aiko da ƙorafi ta kowace jijiya cikin huɗun nan.

A nan ne, tana tsugune tsakanin takalman Zalɓe da ƙafar tebur, ta kira majalisar yaƙi a cikin kanta. Ta hango tsakar gida. Ta hango agogon bango. Ta ji muryar Alhaji Barau yana gaya wa rediyo cewa ba haka aka yi ba. Ta tambayi kanta: mene ne a duniyar nan zai kwashe fadar yaron nan gaba ɗaya, da sarki da fadawa da mai gadin ƙofa, ko da na ƙiftawar ido ne? Ilimin da ta tara a ƙasar sanyi ya duba rumbunsa bai sami komai ba. Amsar ta taso daga wani wuri can ƙasa da haƙarƙari, wurin da ta sha rantsuwa famfo ne kawai.

Masu tarihi sun saɓa a kan ko ta auna abin da za ta faɗa. Abin da aka tabbatar shi ne ta matso, kuma da yake wuyanta ba ya juyawa wajensa, ba ta lura ta matso ta gaba ba, ita da dokarta ta farko ga kowane ɗalibi ita ce kada ka tsaya a gaban gwiwa. Ta kalli bango, ta rage murya yadda daga shi sai sahun farko za su ji.

"A gaya wa su Baffa su zo a sa rana. An bayar."

Bakin Zalɓe ya buɗe. Yatsunsa suka warware. Kafaɗunsa suka zubo, idonsa ya tafi wani gari mai nisa inda ake guɗa, cinyar da ta yi taurin taɓarya ta narke kamar man shanu a rana. Fada ta watse, ba ko mai gadi. Guduma ta sauka.

Ya ku masu sauraro, an ga shuri a zauren nan shekara da shekaru, amma ba a taɓa ganin irin wannan ba, domin shuri ne da aka daɗe ana tsare shi, ga shi a ƙafar da tafiyarta daga tebur zuwa sama tafiya ce ta gaske. Ta tashi kamar majaujawa, ta ɗauki tabarau daga kan hancin Farfesa ta aika shi sahu na uku, ta ture ɗankwali mai sitaci ya koma kan kunne ɗaya, ita kuma gwarzuwar, fitilar kwaleji, jikar Buwai Maɗori, ta tafi da baya a hankali cikin natsuwa irin ta manyan gine-gine, ta zauna daɓas a kan siminti, ƙafafu a miƙe, guduma a sama.

Ba wanda ya yi numfashi. Fankar nan guda ta ja carbinta sau biyu.

Daga ƙasa, ba tabarau, ba ta ganin kowa sai farin hazo, Farfesa ta ɗaga murya. "Wa ya yanke wannan hukuncin?"

Aji ya amsa da baki ɗaya, har taga tana rawa: "Laka."

"Fada ta sani?"

"Sai daga baya."

Zalɓe ya diro daga tebur ya zube gwiwa biyu, hannu a ka. "Mama, wallahi ba ni ba ne. Wallahi tallahi ba ni ba ne."

Sai ga wuyan Farfesa ya warke. Ta juyo ta dube shi, ko ta dubi inda take zaton yake. "Ukashatu, tun da na fara koyarwa ba a taɓa ba ni amsa daidai kamar wannan ba. Ba kai ba ne. Tashi ka nemo mini tabarau."

A nan dariyar da aka danne ta ɓalle, ta cika zauren ta fita ta taga har masu sayar da awara a bakin ƙofa suka leƙo. Farfesa ta yunƙura za ta tashi ta karɓi mubaya'a, gwiwoyinta suka ce su ma yau ba sa shawara da kowa. Sai da ɗalibai mata biyu suka kama ta, ɗaya a kowace hammata, suka ɗaga ta kamar buhun gero, tana ba su umarnin yadda ake ɗaga majiyyaci.

Dokta Nafi'u ya sauko daga bencinsa, idonsa jawur da hawayen dariya, wayarsa ta salula a hannu. Ya rusuna.

"Mama, na sallama. Wallahi babu bidiyon da aka taɓa yi a duniya da zai kama ƙafar wannan. Yaran nan har su mutu ba za su manta da laka ba."

Farfesa ta gyara ɗankwali. Ta karɓi tabarau, wanda ƙafarsa ɗaya ta karye, daga hannun Zalɓe, ta ɗora shi a karkace, ta dubi wanda ta ci da yaƙi da rahamar da ta dace da masu nasara. "Ai na gaya maka."

"Kin gaya mini. Allah ya sa tun hawansa tebur na kunna waya, na ɗauka duka, har faɗuwar." Ya shafa wayar kamar mai shafa jariri. "Shi za mu riƙa nuna wa 'yan aji biyu duk shekara. Kin ga ke nan sai ki huta."

Da ta isa gida ta tarar labari ya riga ta, don saƙon waya ya fi na jijiya sauri. Miyar ranar gishirinta ya yi daidai. Alhaji Barau ya rage muryar rediyo, ya dube ta, ya dubi tabarau mai ƙafa ɗaya, ya ce, "Na ji an ce na gama shawara."

Aka sa rana, aka ɗaura aure bayan sallah. Har yau in Ukashatu ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake naɗe ƙafafunsa ya zauna a kansu, ya danne da hannu biyu, ko da za a yi hira har la'asar. Gudumar tana nan a kicin, an gano babu abin da ya kai ta iya fasa dunƙulen kanwa.

Nan alƙalami ya gaji, sai abu ɗaya da adalci ya wajabta a rubuta. Duk shekara, in 'yan aji biyu suka taru, akan kashe fitila a kunna majigi, Farfesa Saude ta bayyana a bango ta fi girmanta na gaske, ta tsuguna, ta raɗa wa bango abin da ba a ji, ta buga, ta tafi da baya. Kuma an tabbatar ita ce malama ta farko a tarihin kwalejin da ɗalibai suke roƙo da bakinsu a maimaita musu darasinta, wasu ma suna cewa a sa shi a hankali.